Kaya sun iso da wuri, amma har iska na biya wa kuɗin jirgi

Shekaru ina ɗauro jakunkunan mata daga Guangzhou ta jirgin ruwa. Mu haɗa kwantena da wasu 'yan kasuwa, a sauke a Apapa, mota ta kawo Kano, wata biyu ke nan idan an yi sa'a. Bana azumi ya kama ban shirya ba, ga mata suna ta tambayar kayan Sallah a WhatsApp, sai wata ƙawata ta Ƙofar Ƙaura a nan Katsina ta ba ni lambar wani ejan a Kano mai haɗa kaya ta jirgin sama.

Saurin kam ya ba ni mamaki. Ranar Litinin aka kai kwalayena biyu sitonsu na can, Larabar mako na gaba aka kira ni wai an fito da su daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Kwana tara! Babu jiƙewa, babu warin nan na kwantena, ko lanƙwasa kwalin bai yi ba. A ranar har na fara ba mutane lambarsa.

Sai ga lissafi ya shigo. Da idona na ga hoton sikeli da mai sayar min da kayan ya turo, kilo 38 ne duka biyun. A takardar ejan kuwa kilo 60. Na kira shi na ce, "Alhaji, wannan lissafin na mene ne?" Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Jirgin sama ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri." Wai ana auna tsawon kwali da faɗinsa da tsayinsa da santimita, a ninka su, a raba da 6000. Abin da ya fito a gwada shi da na sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Ban yarda ba sai da ɗana ya dawo daga makaranta ya sa tef na awo: 60 da 60 da 50, kowane kwali ya tashi kilo 30. Ya ce, "Mama, gaskiyarsa ce, ƙa'idar kamfanonin jirage ce a ko'ina."

To na ji, bai sace min ba. Amma don Allah me ya hana shi faɗa min tun farko? Ya san jaka ce. Kowace an cusa mata takarda a ciki don kada ta lotsa, takardar da muka kwashe muka hura gawayi da ita. Da ya buɗe baki sau ɗaya, da na sa an cire, an danne su a kwali guda da ɗan ƙarami. Kilo 22 na iska na biya, a kan farashin kilo da kowa ya san yadda dala ta mayar da shi. Ribar jaka goma sha biyu ta tafi a nan.

Ban gama hucewa ba na tuna da ƙananan batiran cajin waya guda goma da na sa a saka wa ƙanena a ciki. Babu su. Sai da na tambaya sannan ya ce ai an cire su, batirin litiyom kaya ne masu haɗari a jirgi saboda yana iya kamawa da wuta, hanyarsa daban, kuɗinsa daban. Wannan ma ban ja ba, wa yake son wuta a sama? Amma da ban tambaya ba shi ke nan? Har yau suna can sito.

Ga kuɗin direba daga Kano zuwa Katsina, shi ma a kaina, alhali ga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa nan kusa da mu, nawa kayan sai sun zaga ta Kano.

Jakunkunan dai sun ƙare tas kafin jajiberin Sallah, wannan ba zan ɓoye ba. In agogo ne ko sarƙa, ƙaramin abu mai tsada, zan sake ba shi. Jaka kuwa ta koma ruwa. Waɗanda na ba lambarsa a ranar farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce su sayi tef tukuna.