God of War na 2018 da Mortal Kombat na 2011: ci-gaba ne ko sabon lale?

Ƙanena, ka tambaya ko God of War na PS4 ci-gaban tsofaffin ne ko sabon lale aka yi, tunda ka ga Kratos, jarumin wasan, da gemu da gatari, ga yaro yana bin sa. Ka haɗa da Mortal Kombat na 2011, wanda ka ce gardamarsa ta ƙi ƙarewa a fadarku ta unguwar Zariya. Duka biyun sabon zubi ne: kamfani ya buɗe wa baƙi ƙofa ba tare da ya ce tsohon labari bai taɓa faruwa ba. Sai dai kowanne da hanyarsa, kuma kusan kishiyoyin juna ne. Wanda bai gama buga su ba ya yi haƙuri, dole in taɓa labarin.

God of War ya riƙe tarihi, ya canza fuska. Kratos ɗin da ka sani tun 2005 a PS2, wanda ya kashe ubansa Zeus a na uku a 2010, shi ne dai wannan. Abin da Santa Monica Studio ta yi ƙarƙashin Cory Barlog shi ne ta ɗauke shi daga ƙasar Girka ta kai shi duniyar tatsuniyoyin arewacin Turai, ya tsufa, matarsa Faye ta mutu, shi da ɗansa Atreus za su kai tokarta ƙololuwar dutse mafi tsayi. Da, kyamara tana can nesa, kana ganin Kratos ƙarami a gaban ƙattin dodanni. Yanzu ta dawo bayan kafaɗarsa, kuma ba ta yankewa daga farko har ƙarshe. Maɓallin tsalle ya tafi. Ja da ruwan zinariya sun ba da wuri ga ƙanƙara da daji da hazo. Muryar ma an canza, Christopher Judge ya karɓa daga Terrence Carson.

Amma ka matsa kusa da allo ka dubi jikinsa. Farin tokar matarsa ta farko da 'yarsa yana nan a fatarsa. Jan zanen yana nan, ya ɗan kwoɗe. Ga tabon takobi a cikinsa, ga tsummokaran da ya naɗe hannuwansa don ya ɓoye sawun sarƙa. Masu zanen sun rubuta tsohon labarin a jikin mutumin, ba sai wani ya tsaya yana karanta maka ba. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne lokacin da Atreus ya kwanta ciwo, dole Kratos ya shiga Helheim, duniyar matattu mai tsananin sanyi, inda gatarin ƙanƙara ba shi da amfani. Ya koma gida, ya ɗaga katakon daɓe, ya kwance ƙyalle, sai ga tsofaffin wuƙaƙensa masu sarƙa, ga Athena, allahiyar Girka ta tsofaffin wasannin, tsaye tana tuna masa ko shi wane ne. Baƙo zai ce ya samu sabon makami. Wanda ya buga na PS2 kuwa ya san jinin da ke kansu, kuma ya san nauyin da Kratos ya ji kafin ya sake ɗaura su.

Mortal Kombat ya yi akasin haka: ya koma tsohuwar fuska, ya sake rubuta tarihi. Bayan Mortal Kombat: Armageddon na 2006 labarin ya cushe, mayaƙa sun haura 60, kusan kowa ya mutu. Midway, kamfanin da ke yin wasan, ta durƙushe a 2009, Warner Bros. ta sayi wasan, Ed Boon, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, da mutanensa suka zama kamfanin NetherRealm. Dabararsu ita ce Raiden, mai kare duniya a labarin, yana gab da mutuwa a hannun mugun sarki Shao Kahn, ya aika wa kansa na baya saƙo. Daga nan aka maimaita labarin wasanni uku na farko, amma kowane gyara da Raiden ya yi sai ya haifo wata ɓarnar. Ya ceci Smoke, sai aka mayar da Sub-Zero mutum-mutumin ƙarfe a madadinsa. Sindel ta kashe jarumai da yawa a tashi ɗaya. Liu Kang kansa a hannun Raiden ya mutu.

A wajen zane kuwa baya aka koma da gangan. An bar zagaye abokin faɗa ta kowace kusurwa irin na wasannin baya, Deadly Alliance da Deception, aka dawo fuska da fuska a layi ɗaya kamar wasan farko na 1992. Scorpion da rawayarsa, Sub-Zero da shuɗinsa, tsofaffin filaye irin su gadar nan mai ƙusoshi a ƙasa. Sabon abu shi ne dukan da ke nuna ƙashi yana karyewa a cikin jiki. Wannan zaɓi ya dace da gidajen wasanmu: yaron da ya biya kuɗin zagaye ɗaya ya riƙe manet, daga launi kawai ya san wa zai ɗauka. (Kratos ma yana cikin na PS3 a matsayin baƙo, da tsohuwar kamarsa, in kana son ka gwada fuskokin biyu.)

Sabon lale na gaskiya shi ne Tomb Raider na 2013. Lara, jarumar wasan, ƙarama ce a tsibirin Yamatai da kwari da baka, kuma ba ta da alaƙar labari da wadda aka fara a 1996.

In ka ce in zaɓa, hanyar God of War na fi so, nesa ba kusa ba. A can abin da ya wuce yana da nauyi, mutum yana ɗauke da laifinsa. A Mortal Kombat, da aka ga dabarar juya lokaci ta yi aiki, sai aka sake ta. A na 2023 Liu Kang ya gina sabuwar duniya, Raiden ya koma manomin ƙauye, Kuai Liang da muka sani da Sub-Zero ya zama Scorpion. Yana da daɗin kallo, amma mutuwar jarumi ta daina girgiza ni, don na san ana iya dawo da shi gobe. Duk da haka ba zan zalunce shi ba: wasan faɗa ne, mutum biyu a kan benci ɗaya, kuma a nan na 2011 ya ceci sunan gidan.

Mortal Kombat ka fara daga na 2011 kai tsaye, ba ka rasa komai ba. God of War ma za ka fahimce shi daga na 2018, amma in kana da hali ka fara buga na uku. An sake fitar da shi a PS4 a 2015, ka tambayi masu faifan wasa a babbar kasuwa. Bayan shi sai na 2018, sannan God of War Ragnarök na 2022.