Kwana uku da Porsche 911 Turbo S mai buɗaɗɗen rufi

Da hantsin wata Juma'a a ƙarshen watan Yuni na karɓi makullin motar daga wani kamfanin haya a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, bayan na daɗe ina ware kuɗi domin waɗannan kwanaki uku. Motar ita ce Porsche 911 Turbo S Cabriolet, ƙirar da aka fito da ita a 2020, wadda masu harkar ke kira 992, kuma a unguwar Zuffenhausen ta wannan birni ake haɗa ta. Ƙanena da ke karatu a Karlsruhe ne ya raka ni. Kafin in shiga sai na zagaya bayanta na ɗaga murfin injin, domin a garejin mahaifina na tashi, kuma ɗan bakanike ba ya yarda da mota sai ya ga cikinta. Fanka biyu kawai na tarar da bakin zuba baƙin mai da na ruwa, duk sauran an lulluɓe.

Duk da haka na san abin da ke ƙarƙashin murfin, domin na san kakarsa. Tsohuwar Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru, wadda muka sha kwance injinta muna yara, Ferdinand Porsche ne ya tsara ta, injinta a baya yake, silindojinta huɗu a kwance, biyu dama biyu hagu. Jikansa Ferdinand Alexander ne ya zana siffar 911 da aka fara nunawa a Frankfurt a 1963, kuma har yau kamfanin bai ɗauke injin daga inda yake ba. Silindojin sun zama shida, ruwa ne ke sanyaya su maimakon iska, amma har yanzu injin a bayan tayoyin baya yake zaune. Duk wanda ya taɓa tura baro da kaya a ƙarshensa ya san abin da hakan ke jawowa: nauyin da ke baya yana danne tayoyi su kama ƙasa, amma idan aka shiga kwana da gaggawa sai ya nemi ya riga gaba wucewa. 911 Turbo ta farko, wadda aka nuna a Paris a 1974 da ƙarfin doki 260 da giya huɗu, ta yi ƙaurin suna a kan wannan hali har aka yi mata laƙabi da mai sa mata takaba.

Wadda na tuƙa ƙarfin doki 650 gare ta, ninki biyu da rabi ke nan na waccan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a dukan tafiyar shi ne ladabinta. A cikin cunkoson Stuttgart, wanda gari ne mai tudu da gangara, ta tafi a hankali kamar motar kai yara makaranta, ba fizga, ba gurnani, giya na sauyawa ba tare da na ji ba. Faɗinta ta baya ya kai mita 1.9, amma a ƙaramin gudu tayoyin baya suna ɗan karkata saɓanin na gaba, don haka a wurin ajiye motoci sai ta juya kamar an rage mata tsawo. Idan gudu ya ƙaru kuma sai su karkata tare da na gaba domin ta tsaya daram yayin sauya hannu.

Injin cc 3,745 ne, ko da yake kamfanin lita 3.8 yake kiransa, kuma turbo biyu ke ciyar da shi. Turbo fanka ce da hayaƙin inji ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda domin a ƙona mai da yawa. Tsohuwar matsalarta ita ce jinkiri, wato direba ya taka totur, ya jira hayaƙi ya taru, sannan ƙarfin ya zo masa gaba ɗaya ba sallama, sau da yawa a tsakiyar kwana. A nan an sa wasu 'yan fikafikai masu motsi a cikin turbo ɗin, waɗanda ke matse hanyar hayaƙi idan injin na juyawa a hankali, su buɗe ta idan ya ɗauki zafi, dabarar da Porsche ta fara amfani da ita a 911 Turbo tun 2006. Sakamakon shi ne cikakken ƙarfin murɗa, niyuton-mita 800, yana nan tun daga juyi 2,500 a minti. A ƙafa, abin da mutum ke ji shi ne duk gwargwadon da ya taka, gwargwadon nan za a ba shi, ba ƙari ba ragi. Giyar mai hawa takwas ce, kulocinta biyu, ɗaya yana riƙe da 1, 3, 5 da 7, ɗayan yana riƙe da 2, 4, 6 da 8, saboda haka giya ta gaba tana shirye tun kafin a saki wadda ake kai.

Sau ɗaya kawai na gwada tashin gaggawa daga tsaye da ake ba da labarinsa, a wani miƙaƙƙen titin karkara da babu kowa. Ana murɗa ɗan maɓallin da ke jikin sitiyari zuwa Sport Plus, a danne birki da ƙafar hagu, a taka totur har ƙasa da ta dama, sannan a saki birkin. Kamfanin ya ce daƙiƙa 2.8 take ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, kuma ba ni da dalilin musu. Babu ƙarar taya, babu hayaƙi, domin duk tayoyin huɗu ne ke ja, kuma kwamfuta na iya tura har niyuton-mita 500 zuwa na gaba. Ƙeyata ta manne da kujera, cikina ya yi kamar an bar shi a baya, kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa har na kai iyakar gudun da doka ta yarda. Ƙanena ya yi salati, sannan ya ce, "Yaya, don Allah wannan ɗayan ya isa." Na yarda da shi, domin abu ne da ake yi don a san yana nan, amma daɗin motar a wani wurin yake.

A babbar hanyar A81 da ta yi kudu daga Stuttgart, a sassan da ba a ƙayyade gudu ba, na rufe rufin na bar ta ta miƙe har maleji ya haura 250. Iyakarta 330 ce, ban kuma yi niyyar kusantarta ba. Sitiyarin bai yi rawa ba, gaban motar bai yi sauƙi ba, saboda leɓen da ke ƙarƙashin hancinta da fiffiken baya suna fitowa da kansu su danne ta a kan kwalta. Da wata motar kaya ta shigo hannunmu daga nesa na taka birki da ƙarfi, sai gudun ya zube a miƙe ba tare da motar ta karkata ko kaɗan ba. Fayafayan birkin na yumɓu ne da aka haɗa da zaren kabon, na gaba faɗinsu milimita 420, kuma fistin goma ne ke matse kowanne. A irin wannan taka birki fiffiken baya ma yana miƙewa ya tare iska. A ganina wannan birki ya fi injin cancantar yabo, domin shi ne ke ba mutum natsuwar amfani da injin.

Ranar Asabar muka hau hanyar B500 da ta ratsa tsaunukan Baƙin Daji daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt, kuma a nan ne na gane dalilin da zai sa mutum ya biya ƙarin kuɗi don rufin da ke buɗewa. Rufin na yadi ne, amma an shimfiɗa faranti na magniziyam a ƙarƙashinsa, don haka idan yana rufe ba ya lotsawa ko kumbura, siffarsa kusan ɗaya da ta mai rufin ƙarfe. Daƙiƙa 12 yake ɗauka ya naɗe kansa, kuma ana iya yin haka ana tafiya muddin ba a wuce kilomita 50 a awa ba. Da ya sauka sai ƙanshin itatuwan dajin da sanyin safiya suka cika motar, na ji hucin turbo a bayan kunnena duk lokacin da na ɗaga ƙafa, sautin da rufi ke ɓoyewa. Akwai wata raga da ke tasowa a bayan kujeru da danna maɓalli ɗaya, kuma idan an ɗaga ta tare da gilasan gefe, mutum biyu na iya hira ba tare da ɗaga murya ba. Hanyar kwana ce bayan kwana, gudunmu bai cika wuce 80 ba, amma a nan ne nauyin baya ya nuna amfaninsa: ana rage gudu kafin kwana, a juya, sannan a taka totur, sai bayan motar ya zauna a kan tayoyi masu faɗin milimita 315 ya tura ta waje kamar an harba gwafa. Cire rufin ƙarfe yakan raunana jikin mota, shi ya sa aka ƙara mata ƙarfafawa har nauyinta ya kai kilo 1,710, wato kilo 70 sama da 'yar'uwarta mai rufi. Na sa ido a madubin tsakiya a wuraren da kwalta ta yi gargada, domin nan ne rauni ke fara bayyana, ban ga ya yi kyarma ba.

Kusa da tafkin Mummelsee, wanda ke sama da mita 1,000 daga doron teku, hadari ya taso ba zato. Na rage gudu na danna maɓalli, rufin ya rufe kafin kujeru su jiƙe. Jim kaɗan sai allon gabana ya nuna cewa hanya ta jiƙe, ya ba ni shawarar komawa tsarin tuƙin ruwa. Wasu na'urori ne a cikin ramin tayoyin gaba ke sauraron ƙarar feshin ruwa. Da na murɗa maɓallin sai totur ya yi laushi, aka ƙara wa tayoyin gaba rabon ƙarfin inji, muka gangaro dutsen cikin ruwan sama hankalina kwance.

Cikin motar fata ce ko'ina, kujerun gaba ana daidaita su ta hanyoyi 18, akwai allon taɓawa mai inci 10.9 da lasifikokin Bose. Abin da ya fi burge ni shi ne agogon juyin inji mai allura ta gaske da aka bari a tsakiya, da wurin tayar da mota da ke hagun sitiyari kamar yadda aka gada. Muryar injin ba ta kai ƙarfinsa ba, domin turbo da matatar hayaƙin da dokokin Turai suka tilasta suna danne ta, don haka mai neman mota mai kururuwa ya san da wannan tun da wuri.

Akwai kuma abubuwan da siffar motar ta hukunta. But ɗinta a gaba yake, lita 128 kacal, ya ɗauki ƙaramin akwatina da jakar ƙanena ya cika. Kujerun baya na ƙananan yara ne ko na ajiye kaya. Tankinta lita 67 ne, fetur mai daraja 98 take so, kuma lita 12 da ɗoriya da aka rubuta mata a kilomita 100 na mai tafiya a hankali ne, domin a A81 ina kallon allurar mai tana sauka. Kuɗin sabuwarta ya haura Yuro 200,000 a lokacin da ta fito a 2020. Hancinta a ƙasa yake sosai, kuma na'urar da ke ɗaga shi da kimanin milimita 40 daban ake biyan kuɗinta. Wadda aka ba ni tana da ita, na kuma yi amfani da ita a kowace mashigar gareji da kowane tudun rage gudu har zuwa yammacin Lahadi da na mayar da makullin. Da a ce zan sayi wannan mota, wannan na'ura ce abu na farko da zan sa a rubuta a takardar oda, kuma mai buɗaɗɗen rufin zan zaɓa duk da ƙarin kilo 70 ɗin.