Kwas ɗin nazarin ɗan Adam ta waya: ya ci kuɗinsa, amma da saura

Ga masu tambayata a kan kwas ɗin nan na share fagen ilimin nazarin ɗan Adam da ake yi ta Telegram: na gama shi, kuma kuɗina bai tafi a banza ba. Malamar muryarta take turowa da Hausa tsantsa, ba ya cin data, ko a cikin adaidaita sahu mutum zai saurara.

Ta kasa fannin gida huɗu bisa tsarin da aka san Franz Boas da shi a Amurka: al'adu, harshe, halittar jikin mutum, sai tono kayan tarihi. Na jikin a gurguje ta bi ta kansa. Ta ambaci ƙasusuwan Lucy, wata daɗaɗɗiyar halitta daga dangin ɗan Adam, da aka tono a Habasha a 1974, ta bayyana abin da ya sa sikila ta fi yawa a inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, shi ke nan.

Darasin al'adu ne ya fi ƙayatar da ni. Bayan labarin yadda masani Malinowski ya zauna cikin mutanen tsibiran Trobriand yana lura da rayuwarsu, sai ta ce kowa ya nemi wuri ya zauna, ya kama bakinsa, ya lura. Na zaɓi marinar Ƙofar Mata. Na sha wucewa ta wurin, amma sai ranar na ga yadda ƙyalle ke fitowa daga ruwan baba da kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, da yadda yaro ke yin gum in babba na ciniki, ko da shi ya yi rinin.

Ƙorafina shi ne misalanta kusan duk na ƙetare ne, alhali a Kano muke. Joseph Greenberg, wanda ya sanya Hausa cikin harsunan Cadi, a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano ya yi bincikensa, ko sunansa ba a kira ba. Haka masaniyar nan Polly Hill da binciken da ta yi a Batagarawa. A darasin tono kuwa sai Masar, sai Masar! Ina kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, mai shekara kusan 8,000? Ina alamun narkar da tama a dutsen Dala?

Ɗalibin da ke shirin karanta ilimin zamantakewa a jami'a zai amfana sosai. Wanda ya riga ya yi nisa, ya riƙe kuɗinsa. Takardar shaidar kammalawa kuwa, har yanzu cewa ake mu ƙara haƙuri.