Bursun Turkiyya ko makarantar kuɗi ta Dakar: amsa ga Alhaji

Alhaji, Allah shi ƙara buɗi. Na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da safe, don irin wannan magana ba a amsa ta da barci a ido. Ga yadda na fahimce ta: yaronka ya ci bak D da mansiyon, gwamnatin Turkiyya ta ba shi cikakken bursu ya karanta injiniyancin lantarki a Konya, amma shi ransa na kan wata makarantar kuɗi a Dakar inda abokansa biyu ke karatun kwamfuta. Kuɗin makarantar milyan 1 da jikka 800 na sefa a shekara. Ka ce kana iya biya "in kasuwa ta yi kyau". Wannan "in" ɗin ce ta tsaya mini a rai.

Mu fara da kuɗi, tunda kai ɗan kasuwa ne. Bursun Turkiyya, wanda ake bayarwa a wannan tsari tun 2012, yana ɗauke kuɗin makaranta, da ɗaki a gidan ɗalibai, da inshorar lafiya, da shekarar koyon Turkanci, da tikitin jirgi na tafiya da na dawowa bayan an gama, sannan a ba yaro ɗan abin ɓatarwa kowane wata. Amma kalmar "cikakke" kada ta ruɗe ka. Kuɗinsu, lira, ya sha faɗuwa, har a ƙarshen 2022 tsadar kaya a can ta haura kashi 85 cikin 100 a shekara guda, don haka abin da ake ba su bai cika kai su ƙarshen wata da walwala ba. Ka sa a ranka za ka riƙa ciko, mu ce jikka 40 a wata. Ka haɗa da fasfo, da rigunan sanyi, da tikiti ɗaya a tsakiya don uwarsa ta gan shi: a lissafina, shekara biyar ba za ta wuce milyan 4 ba.

Dakar kuwa, milyan 1 da jikka 800 ɗin nan ƙofar shiga ce kawai. Haya a Dakar ba irin ta unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi ba ce. Ɗaki, ci, mota, fotokofi, magani in an yi zazzaɓi, ko da su uku suka raba ɗaki ban ga yadda zai rayu da ƙasa da jikka 150 a wata ba. Wani milyan 1 da jikka 800 ke nan. Shekara ta tashi milyan 3 da jikka 600, biyar ta tashi milyan 18, ba a sa tafiya da dawowa ba, ba a sa kwamfutar da dole ya saya ba. Abu ɗaya da ya fi sauƙi shi ne sefar da ke aljihunka ita ce sefar Dakar, babu ɗan canji a tsakani. Ka lissafa buhunan aya da na wake nawa za su fita daga sito kafin ribarsu ta kai milyan 18, sannan ka ɗaga kai ka dubi ƙannensa huɗu da ke biye.

Yanzu inda Dakar ta fi, kuma dole in faɗi gaskiya don kada yaron ya ce malam ya haɗa baki da babansa. A Dakar tsarin LMD ake bi kamar nan: lisans shekara 3, mastar shekara 2, cikin Faransancin da ya saba da shi tun firamare. Ranar da ya sauka, ranar zai fara fahimtar malami. A Turkiyya shekarar farko duka ta harshe ce, sai ya kai matakin C1, wato ƙwarewa mai zurfi a Turkanci, kafin ya shiga aji na sosai, kuma digirin farko na injiniya shekara 4 ne. Ke nan bayan shekara biyar na Dakar ya dawo da mastar, na Konya ya dawo da digirin farko. Wannan rata ce ta gaske. Kuma koyon lissafin lantarki da harshen da ka fara ji bara ba wasa ba ne. Yaron da ya saba zama na ɗaya a lise yakan ga kansa a bayan aji a shekara ta biyu, kuma in faɗuwa ta yi yawa bursun kansa na iya tsayawa. Ga sanyi: Konya ƙanƙara ke zuba, hunturunmu na Janairu da muke ƙorafi a kai su can ba su kira shi sanyi ba. Hajiya kuma na san za ta tuno girgizar ƙasar 6 ga Fabrairun 2023. Ka kwantar mata da hankali, a kudu maso gabas aka yi ta, Konya tana tsakiyar ƙasar, cikin yankunan da abin bai cika damu ba.

Sai dai shekarar harshen nan ban ɗauke ta asara ba. Kamfanin Turkiyya ne ya sabunta filin jirgin Yamai a 2019, Turkawa suna da asibiti da makarantu a can, jirginsu na sauka Yamai daga Istanbul, kuma ka fi ni sanin yawan ƴan kasuwarmu da ke saro kaya a Turkiyya suna neman tafinta. Injiniyan da ke jin Hausa, Faransanci da Turkanci ba su da yawa a ƙasar nan. Mai mastar ɗin kwamfuta daga makarantar kuɗi kuwa, ka jefa dutse a layin kwankur ka ga a kan wa zai faɗa.

Batun takarda, a nan ne iyaye suka fi cin bashin nadama. Jami'ar Konya ta gwamnati ce, amma Turkiyya ba ta cikin CAMES, wato hukumar nan mai mazauni a Wagadugu da ke tantance digirorin ƙasashenmu tun 1968. In ya dawo sai ya je Yamai neman ekibalans, wato takardar daidaita digirinsa da namu, kafin ya shiga aikin gwamnati. Zirga-zirga ce, amma ana yi. Senegal tana cikin CAMES, sai dai kasancewar ƙasa a ciki ba ya nufin kowace makarantar da ta kafa allo a bakin titi an amince da ita. Fanni-fanni ake tantancewa: makaranta ɗaya, digirinta na kasuwanci ya wuce, na kwamfuta bai wuce ba. Ƴan Senegal ma suna da tasu hukumar tantancewar, ANAQ-Sup. Kafin ka biya ko dala, su nuna maka takardar amincewa da ainihin fannin da yaron zai karanta. Hoton gini da gilashi a Facebook ba shaida ba ne, ba a cinikin biri a sama.

Bari in ba ka labarin da ya sa na ɗora alƙalami a kan "in". Ina da wani ɗalibi, yaro mai kai, wanda babansa ke kai dabbobi da wake Jibiya. Ya tura shi wata makarantar kuɗi a wata ƙasa ta bakin teku, shekara biyu yana biya ba fashi. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Kaya suka tsaya, bashi ya hau. Yaron ya shiga shekara ta uku da alkawari, ya fita da bashi, makarantar ta riƙe takardar makinsa sai an biya. Na haɗu da shi wata rana a bakin babbar kasuwa bisa kabu-kabu, ya cire hular kwano ya gaishe ni, na ga katin ɗalibinsa har yanzu yana rataye a makullin babur ɗin, rubutun duk ya goge. Bai ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Kuma ka ga abin ya sake faruwa a 2023, iyaka a rufe wata da watanni, naira na rawa. Arzikin Maraɗi da iyakar Ɗan Isa yake numfashi. Kuɗin makaranta kuwa ba ya jiran a buɗe iyaka.

Akwai kuma abin da yaron bai hango ba. Bursun digirin farko na Turkiyya sai wanda bai kai shekara 21 ba. In ya ƙi shi bana, ya je Dakar, abu ya karye a shekara ta uku, ya wuce shekarun. Makarantar Dakar kuwa ko bayan shekara biyar ya zo da kuɗi da dariya za su karɓe shi. Ɗaya ƙofa ce mai rufewa, ɗayar kullum a buɗe take ga mai biya. Don haka ka ce masa ba ka hana shi Dakar ba, ka jinkirta ta ne: ya yi digirin farko a bursu, mastar ta shekara 2 ya zaɓi inda ransa ke so, lokacin nauyin bai kai rabin na yanzu ba.

Kukan da yake yi cewa ba fanninsa aka ba shi ba, ka tambaye shi wa ya cike fam ɗin. Mai nema shi ke jera zaɓinsa, har 12, lantarkin nan da hannunsa ya rubuta shi. Kuma lantarki da kwamfuta Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, rabin darussan farko ɗaya ne, masu rubuta manhaja da yawa ta nan suka biyo. Da likita yake so aka ba shi tarihi, da maganata ta sauya, don sauya fanni bayan an shiga bursu ba abu ne mai sauƙi ba. Ni zargina ma, abokan nan biyu yake so fiye da makarantar.

Ga inda na tsaya. In milyan 18 ɗin nan tana ajiye a gefe, ba a cikin jari ba, ba gona za ka sayar ba, ba ta taɓa rabon ƙannensa ba, kuma makarantar ta nuna takardarta, to ka bar shi ya je Dakar, hakkinsa ne ya so abin da yake so. In kuwa daga ribar kowace kaka za ka riƙa yankowa, Konya. In duka biyun sun yi muku nisa, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan a gida tun 2010, tana da sashen kimiyya da fasaha, da bursun ANAB, hukumar bursu ta gwamnatinmu, da tuwon uwarsa.

Kada ka yanke masa hukunci a gaban baƙi. Ka turo mini shi ranar Asabar bayan La'asar, ya zo da takardar Turkiyyar da ta Dakar da littafi da biro. Shi zai yi lissafin milyan 18 ɗin da hannunsa, ni shayi kawai zan dafa.