Garin kunun Tom Brown na matan ƙauyenmu, abin da na gani bayan wata biyu

Da sallar da ta wuce naje gida can ƙauyenmu gefen Kazaure na tarar da ɗan ƙanwata ya lalace, yaro ɗan wata goma sha ɗaya amma in ka ɗauke shi kamar ka ɗauki zani, gashin kansa ya yi ja ja ya kwanta. Nace mata ke me kike bashi ne, tace Yaya nono da koko mana. Kokon kuwa dana leƙa kofin wallahi ruwa ne tsululu, gasara ce kawai da sukari. Washegari muka kai shi ƙaramin asibitin garin, malamar ta naɗa masa wannan abin awon mai kala uku a dantse ya tsaya a ruwan ɗorawa. Tace mana in ya yi ƙasa da santimita 11.5 shi ne ja, tamowa ce mai tsanani, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Ita ce tace mu nemi garin Tom Brown wajen wata ƙungiyar mata dake yinsa a bayan kasuwa.

Naje da kaina naga yadda suke yi, don ni bana siyan abin da zai shiga cikin yaro ido rufe. Awonsu gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Waken suyan sai sun jiƙa shi sun cire ɓawon sun shanya sannan su soya sama sama har ya yi ƙamshi, kuma nan ne suka burge ni gaskiya, don wanda na taɓa siya a cikin gari ƙarnin ɗanyen wake yake yi yara suna sha ciki ya kumbura. Nasu ba haka bane, ƙamshinsa kamar na ƙuliƙuli da aka sauke yanzu. Gyaɗar ma naga wata dattijuwa a cikinsu ta zauna da faifai tana tsince masu baƙi da waɗanda suka yi fumfuna ɗaya bayan ɗaya, nace Inna ai wannan aiki ne, tace ƴar nan ruɓaɓɓiyar gyaɗa guba ce ga hanta. Kuma haka ne.

Garin ya yi laushi sosai sun tankaɗe shi da kyau, baya gudaji in aka fara kwaɓa shi da ruwan sanyi kafin a zuba a tafasasshe. Basa sa sukari a ciki, wannan ma na ji daɗinsa, mu muke ɗan sa dabino ko cokalin manja, wani lokacin garin zogale kaɗan.

To inda nake da ƙorafi shi ne ɗaurin. A farar leda suke ƙullawa, babu ranar da aka yi babu komai a jiki, kuma abu ne mai gyaɗa, man cikinsa baya son daɗewa balle da zafin nan namu. Ƙullin farko da muka siya da yawa, na ƙarshensa sai da muka ba kaji don ya fara maƙaƙi a wuya. Yanzu kaɗan kaɗan muke siya mu juye a roba mai murfi. Sannan basa gaya wa mai siye yadda ake damawa, ƙanwata satin farko sai ta dinga tsinka shi kamar kokon da ta saba wai don ya yi auki, har sai da na nuna mata cewa in ka karkata cokali ya zube shar to bai yi ba, kauri ake so ya riƙe cokali. Ruwan rijiyar ma nace a dinga barinsa ya tafasa sosai, a wanke hannu da sabulu kafin a bashi, kofin kuma a daina barinsa a tsakar gida ƙuda na bi, don in gudawa ta shigo duk abin da ya ci ya tafi a banza.

Kuɗinsa bai kai rabin na abincin yara na gwangwani da ake siyarwa a kanti ba, kuma wadda ke da gero a rumbu ma zata iya haɗa nata.

Amma dan Allah ƴan uwa wannan ba magani bane. In awo ya nuna ja, ko ƙafafun yaro sun kumbura, ko ya ƙi cin komai, asibiti za a kai shi a bashi wannan abincin gyaɗa na leda da ake ba masu tamowa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuma nono zalla, ko ruwa ba a bashi balle kunu.

Namu dai sau uku yake sha a rana kuma ba a yaye shi ba. Satin da ya wuce suka koma awo ya shiga kore, ƙanwata ta kira ni tana dariya wai yanzu in ya hango kofin daga nesa rarrafowa yake yana ihu, har yayansa ma ya fara laɓewa yana lashe tukunyar.