Wane irin shok ya dace da keken lantarki?

Keken lantarki ya fi na feda zalla nauyi, domin yawancinsu suna kaiwa kilo 20 zuwa 28, kuma a ƙasashen Tarayyar Turai injinsa yana taimaka wa mahayi har zuwa gudun kilomita 25 a awa. Nauyi da gudu idan suka haɗu, ramin da a da ake wucewa ba a ji ba sai ya doki tafin hannu da ƙugu. Wannan ne ya sa masu saye da yawa suke ɗauka cewa yawan shok, wato abin da yake shanye girgizar hanya, shi ne ingancin keke, alhali kuwa hanyar da mutum yake bi kullum ita ce ya kamata ta yanke hukunci.

Wanda tafiyarsa ta kan kwalta ce zai iya wadatuwa da keken da ba shi da shok ko ɗaya, muddin tayoyinsa suna da faɗin milimita 50 zuwa 60 kuma ba a cika musu iska fiye da kima ba, domin taya ita ce take fara shanye ƙananan girgiza. Idan bayansa yana damunsa, sai ya ƙara sandar sirdi mai sifirin, wadda ba ta da nauyi sosai.

Shok na gaba kaɗai shi ne, a ganina, ya fi dacewa da mafi yawan jama'a. Shok ɗin da yake nutsewa milimita 60 zuwa 80 ya isa ga titi mai ramuka da gargada, na milimita 100 zuwa 130 kuma na hanyar burji da tsakuwa ne. Amfaninsa bai tsaya ga jin daɗi ba: yana riƙe tayar gaba a ƙasa, saboda haka birki ya fi kamawa. Sai dai a nan ne ake yawan yin asara, domin fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, inda shok ɗin yake) mai arha yakan ƙara nauyi, yana tsalle ba kan gado, bayan ɗan lokaci kuma ya fara ƙara da lilo. Kafin a biya kuɗi, a matse birkin gaba a danna kan keken da ƙarfi. Mai kyau zai nutse sumul ya dawo a hankali, marar kyau kuwa zai ƙage ko ya buga da sauti. Shok na iska ya fi mai sifirin na ƙarfe, tunda ana daidaita shi da famfo gwargwadon nauyin mahayi.

Shok gaba da baya, mai nutsewar milimita 140 zuwa 180, an yi shi ne domin duwatsu da gangara. Ya fi tsada, yana da mahaɗai masu cinyewa, yakan wahalar da ɗaura kariya ta kaya, kuma kamfanin RockShox yana ba da shawarar yi wa shok ɗinsa sabis bayan kowace awa 50 ta hawa. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan ɗawainiya ba gara ya zuba kuɗinsa a kan birki mai kyau da batir mai ƙarko.