Haya a tsohon gidan gajiyayyu na Ingila: gini nagari, gyara na banza

Ginin dai ba a magana. Yana cikin gidajen da aka yi ta ginawa a Ingila bayan dokar tallafa wa matalauta ta 1834, inda ake raba maza da mata da yara, kowa da ɓangarensa. Bayan 1948 da yawansu suka koma asibitoci, yanzu kuma an yanka wasu an mayar gidajen haya. Jan bulo, dogon silin, manyan tagogi, haske ko'ina. Abin da ya ja ni na kama haya a ciki ke nan.

Amma da sanyi ya shigo, sai bangon ɗakin kwana ya fara jiƙewa, fenti yana kumbura, fumfuna baƙi ƙirin bayan kabad. Mai gida wai ban cika buɗe taga ba. Ba haka ba ne. Bangon nan toshe yake, babu rata a tsakiya irin ta ginin zamani, kuma da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaura bulon. Farar ƙasa tana shan ruwa ta sake shi. Masu gyara suka ƙwaƙule ta daga tsakanin bulo suka cusa siminti, ciki kuma suka shafa fentin roba. Ruwa ya shiga, ba hanyar fita sai ta jikin bulon, ƙanƙara ta zo ta ɓare fuskarsa. Duk wanda ya ga an yi wa katangar ƙasa shafen siminti a Kano ya san ƙarshen zancen. Ga indararon ƙarfe ya tsage yana zuba a bango, ga ƙofofin iska na ƙasan daɓe an toshe.

Maganin sananne ne: a cire simintin da hannu, ba da injin yanka ba, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin layin da ke tsakanin bulo, a mayar da farar ƙasa lokacin da ba ƙanƙara. Bangon kuma sai ya ɗauki watanni kafin ya bushe.

Da na ce a kama, saboda kyan wurin da kaurin bangon da ke tare hayaniya. Sai na tuna kuɗin hita. Ginin na cikin rajistar kayan tarihi, ba a sauya taga sai da izinin ƙaramar hukuma, iska kuwa ta gefen firam take shigowa. Wanda zai kama, ya je dubawa bayan ruwan sama, ya ja kabad ya taɓa bango.